Hodar Jarirai da Filayar Baba Dung

Duk wanda ya buɗe akwatin kayan aikina, abin da ke fara ba shi dariya shi ne gwangwanin hodar jarirai da ke kwance a tsakiyar sifanu. Ku ma masu koyon aiki na ga kuna taɓa juna kuna ƙunshe baki. Ku yi dariyarku, ba ku kuka fara ba. Masu walda da ke maƙwabtaka da ni a nan Kwararafa sun yi shekaru suna kirana Ungozoma, har akwai direbobin da ba su san sunana na yanka Isa ba ne. Ban taɓa jin haushi ba, don hodar nan ta ciyar da gidana fiye da guduma.

Na san abin da ke ranku. Gani kuke gyaran lagireto ai ba wata sana'a ba ce: ruwa ya zuba, a nemo ramin a toshe, a wanke hannu a tafi gida. Wani ma ya kalla a waya ya ga an yi an gama kafin shayinsa ya huce. Toshewar kam ba ta da wuya, wannan na yarda. Wahalar tana wajen gano inda ruwan ke fita, sannan da sanin inda hannu zai tsaya. Na biyun nan akwai waɗanda ke tsufa ba su koya ba.

A wajen Malam Garba Mai Dalma na koyi aiki, a wata rumfar kwano da ke bakin Gangare. Lokacin lagireto na tagulla ne, mai nauyi, in ka ɗaga sai ka yi nishi. Kayan aikinmu ba su da yawa: ƙarfen liƙi da muke gasawa a garwashi, sandunan dalma, buroshin waya, famfon keke, da rabin duro cike da ruwa. A toshe bakunan lagireto, a hura masa iska da famfo, a nutsa shi cikin duron, inda kumfa ta taso nan ciwon yake. In kuma yana jikin mota ba a ciro shi ba, sai Malam Garba ya sa a wanke a busar, ya ɗebo tankaɗaɗɗiyar toka ya barbaɗa, a tada inji a koma gefe a zauna. Inda tokar ta fara yin baƙi, daga nan ruwa ke fitowa.

Zaman jiran nan shi ne ya fi ƙona mini rai a lokacin. Ina ji da ƙarfi, hannuna na ƙaiƙayi, shi kuwa ya miƙe ƙafa yana ɓare gyaɗa. In na ce, "Maigida, ai na ga wurin," sai ya ce, "Isa, ina za ka da sauri? Motar ce za ta gaya maka, ba kai za ka gaya mata ba." A can ƙasan kowane lagireto akwai ɗan matoshi da ake kwancewa in za a zubar da tsohon ruwa. Duk ranar da zan mayar da shi, Malam Garba yana tsaye a kaina da ɗan sanda. Da na fara cije leɓe ina murɗawa, sai in ji ƙwas a bayan hannu. "Ɗaure shi ya zauna, ka cire hannunka. Ƙarfinka ka ajiye shi sai ranar sauke inji." Bayan hannuna ya sha sanda kafin abin ya shiga kaina.

Hodar kuwa a damina ta shigo sana'ata. Kun san daminar Jos, toka ba ta bushewa, sai ta cure ta ƙi barbaɗuwa. Shekarar da aka haifa mini 'yar fari, wata safiya zan fita na hango gwangwanin a kan taga, na sa a aljihu. Mai ɗakina ta birkita ɗaki tana nema, har ta fara zargin yaran maƙwabta. Da yamma na dawo, ta shinshina rigar aikina, ta ce, "Malam, yau wace motar ce ta haihu?" Tun daga ranar gwangwani biyu ake saye a gidana, ɗaya na jaririya, ɗaya na motoci.

Shekarar da ta fi ba mu wuya ita ce wadda motocin Beljiyam suka cika gari. Lagiretonsu na alminiyam ne, tankin sama da na ƙasa na roba. Dalma ba ta kama alminiyam, roba kuwa da ta ji wuta sai ta narke ta yi wari. Garwashinmu ya mutu. Abokan sana'a wasu suka hau acaɓa, wasu suka tafi haƙar kuza. Ni kuwa na koma liƙa wa mata bokiti da buta don a ɗora tukunya a gida. A hankali na riƙa sayo matattun lagireton roba ina farkewa ina kallon cikinsu, har na gane yadda ake ɓamɓare haƙoran tanki a sake masa roba a mayar. Malam Garba ya tsufa lokacin, wata rana ya zo da sandarsa ya tarar ina barbaɗa hoda a kan wani sabon yayi. Ya leƙa, ya ce, "Au, robar ma tana yoyo? To ai ba ku mutu ba." Haka kuwa aka yi, ba mu mutu ba.

Amma aikin da nake so ku ji shi ne na motar Baba Dung. Dattijo ne Birom, direban wata tsohuwar a-kori-kura da ke ɗaukar katako daga kasuwar Katako zuwa wuraren gini. Mahaifinsa ma direba ne tun zamanin kamfanonin kuza, a hannunsa ya koyi tuƙi. Motar ta girmi yawancinku, fentinta ya koɗe, ƙofar direba da igiya ake rufe ta, amma injinta in ya tashi sai ka ji daɗin sauraro. Shi da kansa ya raɗa mata suna Dattijo. Da ita ya yi wa 'ya'yansa makaranta, da ita ya gina gida, kuma duk Katako ba wanda ya taɓa ganinsa a wata motar.

Wata safiya a ƙarshen damina sai ga Dattijo ta shigo garejina a hankali, bayanta jarkokin ruwa ne a jere maimakon katako. Baba Dung ya fito ta ɓangarensa, ta ɗayan kuma babbar 'yarsa Chundung, mai sayar da dankalin Turawa a kasuwa, mace mai magana ɗaya. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta shiga zance.

"Oga Isa, mun zo ne ka gaya wa Baba da bakinka. Kai kaɗai yake jin maganarka. Motar nan ta gama."

Ta ba ni labari. Watanni ke nan motar na shan ruwa, a cika da safe, kafin yamma ya ragu. Satin da ya wuce Baba Dung ya kai kaya ƙasan dutse, a hanyar dawowa ta yi zafi a tsakiyar Hawan Kibo, ya tsaya a kwana mai haɗari, tireloli na wucewa suna kaɗa shi, har yamma kafin a samu mai kawo masa ruwa. Sun kai wa bakanikai biyu, duk magana ɗaya suka yi: ba a ganin ɗigo a ƙasa, ga farin hayaƙi a salansa da safe, ga lagireton sabo ne, bara 'ya'yan suka haɗu suka saya masa. Saboda haka inji ne ke shanye ruwan ta ciki. Injin irin wannan kuwa kayansa sun ƙare a kasuwa.

"Mun yi magana da ƙannena," in ji ta. "Ba za mu zauna a kira mu a ce Baba yana ƙarƙashin tirela ba. Na kira Alhaji Ɗanlami mai gwangwan. Bayan azahar zai zo nan da janwe ya ja ta, su yanka."

Baba Dung yana tsaye ya dafa bonet. Sai can ya ɗago. "Oga Isa, in ka ce ya mutu, ya mutu. Ni ba zan yi gardama ba. Amma ka duba shi tukuna."

Ba zan ɓoye muku ba, da na ji bayanin, ni ma raina ya ba ni bakanikan nan sun yi gaskiya, da ni ne a wurinsu abin da zan fara faɗa ke nan. Kuma na ji tausayin dattijon ƙwarai, don na san in aka yanka motar nan, zaman gida zai kama, mutumin da bai iya zama ba. Na ce su ba ni zuwa azahar ɗin.

Na fara da ma'aunin baƙin mai. In ruwa na shiga inji, man yakan koma kamar kunun gyaɗa, wannan kuwa baƙi ne wuluk, lafiya lau. Na jira inji ya huce, don marfin lagireto mai zafi ba a buɗe shi sai wanda ya gaji da fatar fuskarsa. Na buɗe, na cika ruwa, na sa Baba Dung ya tada, na zuba ido a bakin. Da iska na kutsowa daga inji da na ga kumfa tana tasowa ba tsayawa. Ruwan ya kwanta shiru. Na zagaya baya na sa hannu a bakin salansa, rana ta ɗaga, ba hayaƙi ba danshi.

"Hayaƙin nan da yaushe kuke ganinsa?"

"Da sassafe," in ji Chundung.

"'Yata, da sassafe a Jos ko ke kika buɗe baki hayaƙi zai fita. Baba, a ina kake ajiye ta?"

"A Katako, gaban masu injin yanka. Da dare kuma a gida, kan ciyawa."

Nan na ji wani daɗi ya fara taso mini, amma na danne shi. Wanda ya san Katako ya san ƙasar wurin dusar katako ce zalla, ko bokiti ka kifar sai ta shanye ba alama, balle ɗigo. Ciyawa kuma da safe jiƙe take da raɓa. Ashe ba wai motar ba ta ɗiga ba ne, ba ta taɓa tsayawa inda za a gani ba ne kawai.

Na wanke lagireton sama da ƙasa, na goge, na bar shi ya bushe sarai. Na shimfiɗa kwali, na kwanta, na barbaɗe ƙasan tanki da bakin tiyo da kewayen matoshi, har wurin ya yi fari fat. Chundung ta riƙe haɓa. "Ashe abin da ake faɗa gaskiya ne. Oga Isa, hoda kake shafa wa mota?" Na ce mata ai kyauta ce ta gidan, ba a cajin kwalliya. Muka rufe marfi, muka tada inji, muka koma benci. Na sayo mana gasasshiyar masara, sabuwa ce lokacin. Baba Dung ya riƙe tasa bai ci ba.

Irin wannan yoyon ba ya fita sai inji ya ɗauki zafi, ruwa ya matsu a ciki. Da na ga allurar ma'aunin zafi ta kai tsakiya sai na koma ƙasa da tocila. Tiyo fari. Gefen tanki fari. A gindin matoshi kuwa ga wani ɗan tabo ya fito, bai fi ƙwayar gero ba, yana faɗaɗa ina kallo. Can sai ɗigo ya taru, ya yi nauyi, ya faɗo mini a goshi. Wallahi ban san lokacin da na yi kabbara ba. Na matso da tocila, sai na ga kunnuwan matoshin, waɗanda aka yi don yatsa, duk sun sha cizo, sawun haƙoran ƙarfe ko'ina.

Na fito na ce, "Baba, wa ke taɓa matoshin nan?"

"Ba kowa. Ba wanda yake taɓa shi." Sai kuma ya ƙara da cewa, "Sai ni."

"Kai kuma me kake yi masa?"

Ya dube ni kamar na tambaye shi me ya sa yake wanka. "Asabar mana. Kowane Asabar ana kwance shi, a zubar da ruwa, a sa sabo. Haka babana ya koya mini. Direba da bai wanke cikin motan shi ba, ai ba direba ba ne."

Kun ji al'adar tsofaffin direbobin garin nan. Ruwan rijiya suke zubawa, shi kuwa yana kawo tsatsa, don haka duk mako sai a zubar a sake. A zamanin matoshin tagulla ba laifi, a kwance da filaya a ɗaure da filaya, ya jure. Bai taɓa gaya wa kowa ba, don a wurinsa wannan ba taɓa mota ba ne, tsafta ce. Sabon lagireton da 'ya'yansa suka saya masa kuwa matoshinsa na roba ne, da ɗan zoben roba a wuyansa wanda shi ne ke riƙe ruwan. Ya sa hannu a aljihu ya fito da wata tsohuwar filaya, hannunta ya yi santsi saboda riƙo.

"Na babana ne," in ji shi da alfahari. "Tun da na ga ruwa yana raguwa ma, ina ƙara ɗaure shi sosai. Har sai na ji ya yi ƙara."

Chundung ta ɗora hannu a ka. Ni kuwa bayan hannuna ne ya yi mini zugi, na tuna sandar Malam Garba.

Muka kashe inji muka bar shi ya huce. Na tura baho ƙasa, na kama matoshin da yatsu, ina murɗawa kunne ɗaya ya ɓalle a hannuna. Na lallaɓa na fito da sauran. Zoben robar ya baje ya tsage, wuyan matoshin ma ya fara rabewa. Abin da ya rage in sani shi ne mazauninsa a jikin tanki, in can ya tsage to aikin ya girma. Na goge, na haska, na zura ɗan ƙaramin yatsa na zagaya a hankali. Sumul yake. Na zazzage gwangwanin da nake tara matosai, na gwada wannan na gwada wancan, ba wanda zarensa ya hau. Zobe ina da shi sabo, matoshi ne babu. A shago kuwa ba sa sayar da shi shi kaɗai, sai da lagireton gaba ɗaya. Mutum ɗaya na sani a Jos mai tulin matattun lagireto, kuma ana idar da sallar azahar sai ga shi ya shigo da janwe yana hon.

Alhaji Ɗanlami tare muka taso a Gangare, ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba. Ya sauko yana gyara hula. "Ungozoma, an gama yi wa gawar wanka? Na ga har hoda an shafa mata."

Na nuna masa ɓallallen matoshin a tafin hannuna, na gaya masa yadda ake ciki, na ce irinsa nake so daga filinsa.

Ya dube ni, ya dubi motar, ya fashe da dariya har da riƙe ciki. "Kai Isa ba ka da kunya! Na ƙona mai na zo ɗaukar kayana, ka ce in ba ka abin da zai hana ni ɗauka? A wane gari ake haka?"

"A Jos," na ce masa.

Ya juya wajen Baba Dung, wanda ya cire hula ya riƙe a ƙirji. Ɗanlami ɗan kasuwa ne amma ba mugu ba ne. Ya yi tsaki, ya ce, "To ga sharaɗi. Ina da ƙarafa a fili da za a kai wajen tirela a bayan gari, can saman tudu. A loda mata. In ta hau ba ta ɗiga ba, Baba ya riƙe abarsa. In ta ɗiga, daga can zan ɗaura mata sarƙa." Ya dubi Chundung. "Madam, ke kika kira ni. Kin yarda?"

Ta ce, "Na yarda. Amma ni zan duba da idona. Ba Oga Isa ba, ba Baba ba."

Na hau janwe muka tafi filinsa. Na shiga cikin tulin lagireto ina kwance matosai ina gwada zarensu da na hannuna, tsatsa ta ɓata mini riga, Ɗanlami na zaune a inuwa yana yi mini addu'ar kada in samu. Da na samu na ɗaga masa, sai ya ce Allah ya isa, sannan ya saya mini lemo.

Mayarwar ita ce kuke cewa ba wuya, to ku saurara. Na wanke matoshin, na sa masa sabon zobe daidai wuyansa, ba mai sako-sako ba, ba mai ɗamewa ba. Na ɗan jiƙa zoben don kada ya naɗe wajen shiga. Na ɗora shi a miƙe, na fara juya shi baya kaɗan har na ji zare ya faɗa gurbinsa, sannan na yi gaba da yatsu biyu. Da na ji ya zauna, na ɗan ƙara abin da bai kai a faɗa ba, na cire hannuna. Na ɗauko koren ruwan nan na lagireto da muke kira kulan. Baba Dung ya ɓata rai, ya ce shi bai san mota da shan lemo ba. Na ce masa wannan shi ke hana tsatsa, in yana ciki ba sauran zubarwar Asabar. Ku kuma ku riƙe wannan: yana da ɗan zaƙi amma guba ne, ba a barinsa a baho inda akuya ko yaro zai kai baki. Na cika, na bar marfi a buɗe inji na aiki har iskar da ta maƙale ta fita, na ƙara, na rufe, na sake barbaɗa hoda.

Na juya ke nan ina wanke hannu sai na ji Chundung ta ƙwala ihu, "Baba!" Ina waigawa na ga ƙafafu biyu sun leƙo daga ƙarƙashin mota. Ban san ina da sauran gudu ba sai ranar. Na kama idon sawunsa na jawo shi da kwalin gaba ɗaya. Ga filaya a hannunsa a buɗe.

"Kaɗan kawai zan ƙara," in ji shi. "Oga Isa, da yatsa fa ka ɗaure shi. Na gani da idona."

"Ka taɓa?"

"Ban kai ba."

Chundung ta miƙa masa hannu. Ya dubi filayar, ya dube ta, ya ba ta. Ta jefa a jaka ta ja zif.

Aka loda wa Dattijo ƙarafa har ta ɗan zauna. Baba Dung a sitiyari, Chundung a tsakiya ta kafa wa allura ido, ni a bakin ƙofa. Ɗanlami na biye da mu da janwe, duk inda muka rage gudu sai ya danna hon don mu san yana nan. Muka fita gari muka kama hawa. Injin na gurnani, Baba Dung na sauya giya yana yi mata magana ƙasa-ƙasa da yarensu. Allura ta hau ta kai tsakiya.  Ta tsaya a nan ba ta ƙara ba, har muka kai saman tudu inda tirela ke jira.

Na ce a bar inji yana aiki, don a lokacin ne ruwa ya fi matsuwa. Chundung ta sauko, ta karɓi kwali da tocila, ta ɗaure zani tamau, ta kwanta ta shige ƙarƙashin motar. Masu lodin tirela suka bar aiki suka zo kallo. Ta daɗe a ciki. Baba Dung ya juya mana baya yana kallon duwatsu, hularsa a hannu. Can ta fito, hoda a hanci, hoda a ɗankwali, ta zauna a kan kwalin tana kallon mahaifinta.

"Baba," ta ce. Bai juyo ba. "Baba, fari tas. Ko ɗigo babu."

Dattijon nan ya jefa hula sama. Ya ɗaga hannu ya fara taka rawar garinsu a bakin titi, ƙafa na dukan ƙasa, masu lodi na yi masa tafi. Chundung na dariya tana share ido da gefen ɗankwali. Ɗanlami ya sauko yana kukan an cuce shi, yau ya ga ranar da aka yi masa fashi da hoda, amma kafin mu bar wurin ya riga ya shirya da Baba Dung cewa shi zai riƙa kwasar masa ƙarafa zuwa tudun nan. Ni kam farin cikin da na yi ranar ban yi irinsa ba tun ranar da Malam Garba ya yaye ni.

A hanyar dawowa Chundung ta shimfiɗa dokokinta: ba dogon zango shi kaɗai, ba ruwan rijiya, ba kwanciya ƙarƙashin mota da ƙarfe a hannu. Da muka iso gareji ta fito da filayar ta miƙa mini, ta ce in ajiye inda hannunsa ba zai kai ba. Baba Dung ya ce a bar shi ya rataye ta da kansa, tun da ta mahaifinsa ce. Ya zaɓi ƙusa, ya goge ta da gefen riga, ya rataye. Ita ce waccan da kuke gani a saman ƙofa, kuma kada wanda ya sauko da ita.

Da Asabar ta zagayo, ina buɗe gareji sai na ji hon ɗin da na sani. Ga Dattijo tafe, katako har ya fi tsayinta, an ɗaura jan ƙyalle a wutsiya. Na ɗauka tsayawa zai yi ya roƙi filayarsa, har na fara shirya abin da zan ce masa. Bai tsaya ba. Ya rage gudu kawai, ya zuro hannu ta taga yana kaɗa wani sabon gwangwanin hoda da ya saya wa kansa, ya ɗaga murya yadda duk masu walda za su ji:

"Ungozoma! Na duba shi da safe. Yaron ka bai yi fitsari ba!"